Kafin a saya wa ɗalibi kwamfuta



Yaro ya samu gurbi a Jami'ar Joseph Ki-Zerbo a nan Wagadugu, an haɗa 'yan kuɗi, sai mai shago ya miƙo netbook, ƙaramar kwamfutar nan mai arha. Iyaye, ku dakata tukuna. Kamfanin Asus ya fito da irinta a 2007, kuma an daɗe da daina ƙera ta. Yawancinsu RAM ɗinsu giga 1 ko 2 ne, allon kuwa inci 10. Ɗalibi ya buɗe littafi ya buɗe intanet, sai ta tsaya cik.

Ni dai shawarata, a ƙara haƙuri a ƙara kuɗi, a ɗauki ƙaramar laftof mai inci 13, RAM giga 8, ko da ta hannu ce. A gwada batirin a gaban mai shago, domin lokacin zafin Afrilu wuta kan ɗauke. A duba madannai kuma: karatunmu da Faransanci ake yi, waɗanda aka kawo daga Amurka ba su da harufan da ake buƙata, kuma yaro zai sha wahala ranar rubuta kundin kammala karatu.