Tanderu da Yaro Mai Rarrafe

Yau maganarmu a kan gidan da ake gasa gurasa ne, ga kuma ƙaramin yaro a cikinsa.

Gurasa abinci ne mai kyau, ba mai musun wannan. Sunanta ma daga Larabci ya fito, gama fataken Larabawa ne suka kawo ta Kano tun zamanin da, har yau kuwa matan unguwar Jakara sun yi suna wajen yin ta. Mace ta kwaɓa garin alkama da yis da ɗan gishiri, ta rufe har ya tashi, ta hura wuta cikin tanderu, sa'an nan ta riƙa manna kwaɓin a jikinsa daga ciki. Gida ya ci, saura a ɗora a talla a sami na cefane. Saboda haka ban zo in hana kowa sana'arsa ba. Abin da na zo faɗi shi ne, sa'ar gashi ita ce sa'ar da ta fi kowace hatsari ga yaron da ya fara rarrafe ko tatata, gama a sa'an nan hannuwan uwa biyu suna cikin aiki, idonta kuma yana cikin tanderu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 180,000 ke mutuwa kowace shekara saboda ƙuna, mafi yawansu kuwa a ƙasashen da ba su da wadata. Mu ma da muke aiki a ɗakin shan magani mun sani, da hunturu ya kama sai a yi ta kawo mana yara ƙonannu, galibi 'yan shekara 1 zuwa 3. In ka tambayi uwar ina take sa'ad da abin ya faru, sau da yawa za ta ce, "Ina nan kusa, juyawa kawai na yi." Gaskiya ta faɗa. Ƙuna ba ta bukatar lokaci mai tsawo.

Ku lura da yadda tanderu yake. Na ƙasa ne, ƙasa kuwa tana riƙe zafi. Wuta ta mutu, an kwashe gurasa, kowa ya watse, amma jikinsa yana nan da zafi har wani lokaci mai tsawo. Tsayinsa kuma daidai da abin da yaro mai koyon tsayuwa yake nema ya dafa. Ga tokar da aka kwashe aka zubar a gefe, samanta fari, ƙarƙashinta rushi. Ga ruwan zafi da aka sauke a ƙasa don a sirka a yi kwaɓi. Fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba, don haka zafin da zai sa babba ya ce wash ya janye hannu, shi zai sale fatar yaro. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. To, aikinmu ne kada ya koye ta ta wannan hanya.

Uwargida, ga abin da za ki yi. Kafin ki ƙyasta ashana, ki miƙa yaron a hannun mutum guda, ki kira sunansa, ki ce, "Wance, ga shi nan, amanarki ce har in gama." Kada ki ce a cikin taro, "Ku duba mini shi," gama abin da aka bar wa kowa, ba wanda yake dubansa. Mai renon kuwa ya zama mai hankali ne, kaka ko abokiyar zama ko budurwa. Yarinya 'yar shekara 5 ita ma reno take bukata. Kada kuma ki sunkuya kan tanderu da goyo a bayanki. Majanyi yakan kwance. Ko bai kwance ba, hayaƙin da ke tashi shi jaririn yake shaƙa, hayaƙin itace kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa yara ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira namoniya. In kin ga yaro yana tari, yana numfashi da sauri, ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, ki kawo shi ran nan, kada ki kwana.

Maigida, kai ma da naka. Tanderu a fili ya kamata ya zauna, inda iska ke ratsawa, nesa da ƙofar ɗaki da hanyar da yara ke bi. Ka kewaye shi da 'yar katanga mai kai wa ƙugun babba, ka sa ƙyaure. Yinin aiki guda ne da 'yan tubala, ya fi maka arha bisa makonni a asibiti. Toka kuma a yayyafa mata ruwa kafin a zubar. Ruwan zafi da butar shayi a ajiye su bisa, inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada kuma mutum ya sha shayi da yaro a cinyarsa.

To, in ƙaddara ta faɗa fa, duk da haka? Ku saurara da kyau, gama abin da aka yi cikin mintocin farko shi ke nuna ko yaron zai warke sumul, ko zai tashi da tabo.

In riga ce ta kama, kada a bari ya ruga, gudu yana ƙara wa wuta iska. A kwantar da shi ƙasa, a mirgina shi, a lulluɓe da bargo ko zane mai kauri, a kwara ruwa.

Daga nan sai ruwa. A ɗebo ruwan randa mai sanyi mai tsabta, a riƙa zubawa a hankali bisa wurin da ya ƙone har minti 20. Ku ji da kyau, minti 20 cif, ba moɗa ɗaya ko biyu ba. Dalili shi ne, ko bayan an janye hannu daga wuta, zafin yana nan cikin nama yana ci gaba da dafa shi, kamar yadda gurasa takan riƙe zafinta bayan an ɓamɓaro ta. Ruwa ne ke fitar da wannan zafi, yana kuma rage raɗaɗi. Ko an makara, muddin ba a wuce awa 3 ba, har yanzu yana da amfani. Kada a sa ƙanƙara, tana ƙara lalata fata. Sauran jikin yaron kuma a rufe shi da zane, gama ƙaramin yaro yakan ɗauki sanyi da wuri. Ana cikin zuba ruwan, a tuɓe masa riga, a cire awarwaro da guru da duk abin da ke ɗaure a wurin, tun bai kumbura ba. Amma tsumman da ya manne da fata a bar shi, mu za mu cire.

Yanzu ga abin da ya fi ba mu wahala. Maƙwabta za su taru, kowa da nasa magani. Wannan ta ce a fasa ƙwai, waccan ta ce manja, wani ya ce gishiri, ko toka, ko tawada, ko man goge baki, har da kashin shanu. Nufinsu alheri ne, amma kada ki yarda. Mai yana kulle zafi a ciki. Toka da kashin shanu suna ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da na cutar sarƙe haƙora, watau tetanus. Sa'an nan duk abin da aka shafa, tilas mu wanke shi kafin mu ga zurfin ƙunar, wankin nan kuwa azaba ce ga yaro. Bororo ma kada a fasa shi, murfi ne da jiki ya yi wa kansa. A rufe wurin da wankakken ƙyalle, sako-sako. In yatsu ne, kada a naɗe su a haɗe, don kada su warke a manne. A ci gaba da ba shi nono ko ruwa, gama ƙuna tana tsotse ruwan jiki.

Wace ƙuna ce za a kawo ɗakin magani? Ku dubi tafin hannun yaron da yatsunsa, shi ne ma'auni, gama kamar kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa. Duk ƙunar da ta fi tafin nan faɗi, a kawo. In ta kai tafi 10, rai ne a kan siraɗi, a nufi babban asibiti ba tsayawa. A kawo ta fuska, da ta hannu, da ta ƙafa, da ta gaɓa, da ta al'aura, ko da ƙarama ce. A kawo ta jariri kowace iri. Wadda ta yi fari ko baƙi, yaron kuma ba ya jin zafinta, kada ku ce da sauƙi, ita ce mafi zurfi. Ku zo da katin rigakafinsa, mu duba ko ya sami allurarsa.

Saura magana kaɗan kan cin gurasar kanta. Jaririn da bai cika wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. In ya wuce haka, a jiƙa masa gurasa cikin miya ko kunu har ta yi laushi, a haɗa da wake ko dafaffen ƙwai ko garin ƙuli-ƙuli, gama gurasa gaya tana cika ciki ne, ba ta isa ta gina jiki ba. A zaunar da shi ya ci, ana dubansa, don kada ya shaƙe. Kada a ɗiga masa zuma sai ya cika shekara 1. Ɗanyen kwaɓi kuwa kada a ba shi ya lasa, gari bai tsarkaka daga ƙwayoyin cuta ba sai ya sha wuta. Mai ba shi kuma ta wanke hannu da sabulu tukuna.

To jama'a, ku riƙe uku: mai reno da sunansa, katanga kewaye da tanderu, ruwan sanyi minti 20. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman kakanni, gama su ne aka fi jin maganarsu ran da abu ya faru. Allah ya raya mana yaranmu. Sai wani mako, ku huta lafiya.