Amsa-Kuwwa da Haƙƙin Mai Sauraro

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bungudu, ko a tsakanin duwatsun Tsafe, ya ɗaga murya ya ji ta komo masa, ya riga ya san asalin mas'alar da za mu tattauna a yau, ko da bai taɓa buɗe littafin kimiyya ba. Sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, yana ɗan ƙara sauri idan bazara ta yi tsanani. In ya ci karo da abu mai tauri sai ya juyo, kuma muddin tazarar ta kai mita 17, kunne zai ji juyowar a matsayin murya ta biyu.

A bakin dutse wannan abin sha'awa ne, amma a masallaci ya zama jarrabawa. Mun bar ginin ƙasa da azara, mun koma siminti da tayil da ƙubba mai tsawo, waɗanda ba su shan sauti, mayar da shi kawai suke yi. Saboda haka liman yana huɗuba, kalmarsa ta farko ba ta gama yawo tsakanin bango da rufi ba ta biyu ta riske ta, wasula su danne baƙaƙe, mutumin sahun baya ya ji ƙara ba tare da ya fahimci ma'ana ba. Alaramma ya kiyaye maharijul hurufi iyakar iyawarsa, ginin ya warware masa aiki. Mu kuwa maganinmu kullum ɗaya ne, a ƙaro lasifika, a ƙure murya, alhali yin haka ƙara wa wuta makamashi ne.

Wallace Sabine na Jami'ar Harvard a Amurka ya fuskanci irin wannan a 1895, a wani ɗakin lacca da kalma kan daɗe fiye da daƙiƙa 5 kafin ta mutu. Ya riƙa jigilar matasan kujeru cikin dare yana aunawa, har ya tabbatar da ƙa'ida: daɗewar sauti tana ƙaruwa da girman ɗaki, tana raguwa da yawan abin da ke shan sa. A ɗakin magana, daɗewar sauti bai kamata ta wuce kimanin daƙiƙa ɗaya ba. Ke nan darduma mai kauri da labule da silin mai laushi su ne magani na farko.

Na biyu shi ne jinkiri. Muryar da ke bin waya tana isa nan take, wadda ke bin iska kuwa sai ta yi tafiya. Idan lasifika biyu suna da tazarar mita 35, wanda ke kusa da ta baya zai ji kowace kalma sau biyu, da ratar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ƙaramar na'ura takan riƙe muryar lasifikar baya gwargwadon wannan ratar, sai muryoyin su iso tare.

Na uku ya fi ban al'ajabi. A 1960 masana Widrow da Hoff suka fito da lissafin da ke gyara kansa, a 1967 kuma Sondhi na Bell Labs ya bayyana na'urar share amsa-kuwwa. A ɗaki, irin wannan na'ura ta san abin da ta aika wa lasifika, sai ta ƙiyasta yadda ɗaki zai komo da shi, ta debe wannan ƙiyasin daga abin da makirufo ya ɗauka, ta auna kuskurenta, ta gyara, sau dubbai a daƙiƙa. Irin wannan hikima tana aiki a cikin wayar da ke aljihunku.

Kirana ga kwamitocin masallatai shi ne su nemi mai auna sauti tun kafin a zuba rufi, kamar yadda suke neman mai auna alƙibla. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau kuma su fita su auna masallatai da ɗakunan taro na garin, su rubuta abin da suka samu, domin wanda aka wajabta wa yin shiru lokacin huɗuba yana da haƙƙin ya ji abin da ake faɗa.

Allah ya sa mu dace.