Zambar Waya da ta Katin Banki: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Hakimai da malamansu sun san yadda kasuwannin ƙasar Funtuwa da Malumfashi ke cika in an yi kaka, ga masara da dawa da waken suya da auduga, ga fatake suna lodi a Dandume da Bakori. Abin da ya sake shi ne hanyar biya. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake takardun naira 200 da 500 da 1,000. Da shigowar 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai, har manomin da ba ya yarda sai da abin da ya ƙirga da hannunsa ya shiga karɓar taransifa. Daga baya kuɗi suka dawo hannu, amma al'adar ta zauna, mazambata kuwa suka samu ƙofa.

Wadda ta fi cin masu kaya ita ce alat na bogi. Mutum ya yi ciniki ba ja-in-ja, ya karɓi lambar asusu, jim kaɗan saƙo ya shigo wayar mai kaya da sunan bankinsa, wai kuɗi sun shiga. Saƙon nan ana iya ƙirƙirarsa, haka kuma hoton rasit da ake nunawa. Sukan zaɓi yamma, sa'ad da kasuwa ta fara watsewa, ko ranar da sabis ke gardama, domin in kuɗi ba su bayyana ba a ce laifin na'ura ne. Kafin mai kaya ya farga, buhunansa sun kama hanyar Zariya. Lalle ne ya duba abin da ke cikin asusunsa da kansa kafin a ɗora kaya a mota, ko da mai saye zai yi fushi. Dillalin kirki ma ba ya jin haushin wannan.

Akwai kuma mai bugo waya ya ce daga banki yake, za a rufe asusu sai an gyara BVN, watau lambar shaida mai alƙaluma 11 da aka soma a 2014. Sai ya nemi lambobin fuskar kati, da ukun nan na bayansa, da lambar da aka turo ta saƙo. Banki ba ya tambayar waɗannan. Haka dattijo kan miƙa katinsa ga baƙo a bakin na'urar cirar kuɗi, a ji lambar sirrinsa, a musanya masa da wani. Masu saye su ma ba su tsira ba: a nuna taki mai araha a Facebook ko WhatsApp, a karɓi kafin alƙalami, a kashe waya.

Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci, hukumar EFCC da 'yan sanda kuwa suna bin irin wannan ƙara. Amma kunya kan sa talaka ya kwana biyu bai faɗa ba, alhali kuɗin sata ba ya daɗewa a asusu ɗaya. Saboda haka ana roƙon hakimai su umurci dagatai da masu unguwanni da sarakunan kasuwa su yi shela tun kafin a fara girbi. In an kawo kuka, malamin hakimi ya rubuta rana da lokaci da adadin kuɗi da lambar wayar mazambaci da ta asusunsa, ya hana a goge saƙon, ya sa a raka mai ƙara bankinsa a ranar, sa'an nan ofishin 'yan sanda.