Da Wace Cuta Za a Gwada Garkuwar Kwamfuta?

Laccar da aka gabatar ga ɗaliban kwamfuta da ma'aikata a Dutse



Idan ofis ya sayi manhajar kariya, dillalin da ya kawo ta yakan yi gwaji a gaban shugabanni. Sau da yawa abin da yake sakawa shi ne fayil ɗin EICAR, ɗan rubutu mai haruffa 68 da masana a Turai suka tsara tun farkon shekarun 1990. Ba ya cutar da komai. Kamfanoni ne suka amince manhajojinsu su riƙa ƙararrawa idan sun gan shi. Amfaninsa kamar ƙwanƙwasa ƙofa ne don a ji ko maigadi yana farke. Ba ya nuna cewa zai iya kama ɓarawo.

Sai kuma mai sauko da tarin bairos dubu goma na shekarun baya, manhaja ta kama kusan duka, a tafa. Wannan ma yaudarar kai ce, domin tsohon bairos kowane kamfani ya riga ya san kamanninsa. Tun 1993 wani masanin bairos, Joe Wells, ya fara jerin WildList saboda wannan matsala: a ware cututtukan da ke yawo a kwamfutocin mutane da gaske daga waɗanda ke ajiye a ɗakin bincike.

To, me ke yawo a nan? Ma'aikacin da ya kai filas shagon buga takardu a Dutse ya san bairos ɗin da ke ɓoye fayiloli ya bar hotunansu na bogi. Akawu kuwa imel yake samu mai ɗauke da takardar neman biya ta ƙarya. A Nuwambar 2020, Interpol da 'yan sandan Najeriya sun kama mutum uku a Legas a samamen da aka kira Falcon, kuma cikin kayan aikinsu akwai AgentTesla da Loki da Remcos, masu satar kalmar sirri da leƙen abin da mutum ke bugawa. Irin waɗannan ya kamata su yi yawa a cikin gwajin ma'aikatun Jigawa, sababbi, na kwanakin nan, a kuma shigar da su ta hanyar da suke shiga da gaske: ta filas, ta imel, ta saukowa daga intanet. A ƙara da mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, dangin WannaCry da ya durƙusar da asibitocin Ingila a Mayun 2017.

Kowane samfuri sai an tabbatar yana aiki, don fayil ɗin da ya lalace ba ya auna komai. Rumbun MalwareBazaar na abuse.ch yana ba masu bincike samfura, VirusTotal kuma yana nuna abin da manhajoji da dama suka ce a kan fayil. A haɗa da fayiloli masu lafiya, don a ga ko manhaja za ta toshe su bisa kuskure. Manhajar da ta toshe tsarin biyan albashi a ƙarshen wata, ma'aikata da kansu za su kashe ta.

Kada kowa ya ƙirƙiri nasa bairos. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta sa an ƙera mata sababbi 5,500 a 2006, masana suka yi mata ca. A gida kuma, dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ko tara ga mai yaɗa bairos da gangan.

Saboda haka wannan gwaji aikin ɗakin bincike ne, a kwamfutar da aka raba da sauran na'urorin ofis, wadda za a goge bayan kowane zagaye. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure su ne suka fi dacewa da ɗaukar nauyinsa a madadin ma'aikatu. Ƙaramin ofis kuwa ya duba sakamakon AV-TEST ta Jamus ko AV-Comparatives ta Ostiriya kafin ya biya dillali, ya kuma tambaye shi ranar da aka tattaro samfuran da ya yi gwajinsa da su.