Ɗaurin Jarjir da Sunan Ɗan Kasuwa: Jawabi a Taron Cikar Shekara na Ƙungiya

Shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, da 'yan'uwa da suka taso daga Wad Madani, Sinnar, Maiwurno, Sinja da Damazin, sannunku da hanya.

An ce in yi magana a kan harkar kan iyaka. Na san wasu na jiran in taɓo kuɗin kwastan da tsadar mota. Ku yi mini afuwa, yau a kan ɗaurin jarjir zan tsaya, wanda ribarsa ba ta kai kuɗin shayi ba.

Lalo, yakuwa, zogale, duk sai sun bi ta wuta kafin su shiga ciki, wuta kuwa tana kashe ƙwayar cuta. Jarjir da latas da kokwamba daga gona sai faranti. Ruwan da ya taɓa su a ƙarshe, shi mai saye zai haɗiye. To, wane ruwa ne? Kowa a nan ya san tur'a. A cikinta shanu ke sha, a bakinta ake wanki, wani yaron ma a nan yake zagayawa. Mu kuma idan rana ta yi tsaka ganye ya fara yaushi, sai mu ɗebo wannan ruwan mu yayyafa don ya yi sheƙi. Ni kaina na yi shekaru ina yin haka, ba wani nake zargi ba.

Kada ku ce matsalar talaka ce. A 2018 a Amurka, latas da aka noma a yankin Yuma ya kwantar da mutum 210, biyar suka rasu. Da aka bi sawu, sai aka tarar da irin ƙwayar cutar, E. coli, a cikin ruwan magudanar ban-ruwa da ta ratsa kusa da wani babban wurin kiwon shanu. Tur'a ke nan, sai dai tasu ta Turawa ce. Wannan ƙwaya ba ta canza launin ganye, ba ta da wari, sanyin firji ba ya kashe ta. Sai bayan kwana uku ko huɗu ciwon ciki ya taso, zawo da jini, wani lokaci ƙoda ta tsaya, musamman ga ƙananan yara.

Amma labarin da ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne na Jamus a 2011. Mutane kusan dubu huɗu suka kamu, sama da hamsin suka mutu. Da farko hukumomin birnin Hambug suka ɗora laifin a kan kokwambar Sifen. Kafin a gane ba ita ba ce, manoman Sifen sun zubar da kaya ba adadi, Rasha kuma ta rufe ƙofarta ga kayan lambun Tarayyar Turai baki ɗaya. Daga baya binciken Turai ya tsaya a kan tsiron hulba, wannan hulbar dai da iyayenmu mata ke dama madida da ita, domin su can tsirar da ita suke yi su ci ɗanya. Aka bi takardu har zuwa irin da aka yi lodinsa daga Masar tun 2009, aka hana shigo da shi. Masar ta musanta, wannan tsakaninsu ne. Abin da nake so ku lura da shi: lambar da ke jikin buhu ce ta ba da damar komawa baya shekara biyu. Kafin a samu wannan lambar, wanda bai ji ba bai gani ba shi ya yi asara.

Mu ma mun ga irinsa a gida. A watan Satumba na 2016 gwamnatin Sudan ta dakatar da shigo da kayan lambu da 'ya'yan itace da kifi daga Masar saboda fargabar lafiya, a 2017 aka faɗaɗa hanin. Ba a ware mai tsabta da marar tsabta ba, an dai rufe. Ranar da hukuma a Matamma ko Kurmuk za ta ce kayan da suka fito daga wajenmu sun sa mutane amai da gudawa, haka za a yi mana. Albasa da ba ruwanta za ta ruɓe a mota tare da jarjir. Kuma mun san kwalara ba baƙuwa ba ce a nan: ta ɓulla a jihohin Nilu Shuɗi da Sinnar a 2019, ta dawo a 2023 bayan yaƙi ya lalata tashoshin ruwa da asibitoci.

Turawa idan abu ya faru suna sanarwa a janye kaya daga kantuna. Mu wa za mu janye wa? Abin da aka yanka da asuba, kafin la'asar an cinye shi. Saboda haka tamu janyewar sai dai kafin a sayar. Idan ka ga an zuba wa fadama ɗanyen kashin shanu ko na kaji ana saura 'yan kwanaki a yanka, bar kayan nan, ko da arha. Taki yana son ya ruɓe sosai, ya yi watanni. Idan za ka yayyafa ruwa, ya zama wanda kai za ka iya sha. Kuma don Allah a daina ɗora kejin kaji a kan buhunan ganye a mota.

Wani zai ce wankewa a gida ta isa. Tana ragewa, ba ta gamawa, domin ƙwayar tana maƙalewa a lungun ganye. Gidan da ke da jariri, mai ciki ko tsoho, a lokacin annoba gara a dafa.

Roƙona ga shugabanni guda ɗaya ne, kuma ba ya cin kuɗi. Kowane dillali a cikinmu ya riƙe ƙaramin littafi: ranar da ya sayi kaya, gonar wa, da ruwan kogi aka yi ban-ruwa ko na tur'a ko na rijiya, wace mota ta ɗauka. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami ko da Larabci, wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa. Na riƙe nawa tun kakar bara, ga shi nan a aljihuna, duk mai son ganin yadda na tsara layukan ya same ni bayan an ci abinci.