A DUBA KAFIN A SAYA WA YARO ABIN WASA

(Jawabin wata malamar kiwon lafiya ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci a Kakuri, Kaduna)

 

Duk lokacin da Sallah ko Kirsimeti ta ƙarato, in kun shiga Kasuwar Monday ta nan Kakuri, ko kasuwar Television, ko ta Sabon Tasha, za ku ga an baza kayan wasa iri-iri: motoci, 'yan bebi, balan-balan, usur, tabarau da bindigogin roba. Kowane uba yana so ya faranta wa ɗansa rai, kuma hakan yana da kyau. Sai dai ba a so ranar murna ta ƙare a gadon asibiti. Don haka ga abubuwa biyar da za a duba kafin a miƙa kuɗi.

Na farko, girman abin. Yaron da bai kai shekara 3 ba, duk abin da ya kama, baki yake kai shi. Abin da faɗinsa bai wuce santimita 3 ba, wato kamar yatsu biyu na babba, yana iya maƙale masa a maƙogwaro ya toshe numfashi. Ku ja idon 'yar bebi da tayar mota tun a gaban mai kaya. In sun ɓalle a hannunku, to, a bakin yaro ma za su ɓalle. Fasasshen balan-balan kuwa a tsince shi nan take, don yana mannewa a hanyar numfashi.

Na biyu, batir. Akwai wani ƙaramin batir mai kama da maɓalli da ake sa wa kayan da ke waƙa ko walƙiya. In yaro ya haɗiye shi ya tsaya a maƙogwaro, cikin awa 2 yana iya ƙone wurin. A tabbata murfin batir a ɗaure yake da kusa. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗura wa yaro manja, kada a sa shi amai, kada kuma a jira gari ya waye. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, kamar na Gwamna Awan ko na St. Gerard.

Na uku, fenti. Wani fentin yana da gubar dalma. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kaɗan ɗinta ma tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, ya kasa gane karatu. A 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye ɗimbin kayan wasansa daga kasuwa saboda irin wannan fenti. In babban kamfani ya yi wannan kuskure, ina ga kayan da ba a san mai yinsu ba? Abin da fentinsa ke ɓarewa ko yake zuba a hannu, a bar wa mai shi.

Na huɗu, abin da ke harbi ko fashewa. Bindiga mai 'yan ƙananan harsasan roba, da danƙo, da nokawut ɗin da ake fasawa a ƙarshen shekara, sun sha raba yara da idanu da yatsu. Ido ba shi da na canji a kasuwa.

Na biyar, rubutun jikin kwali. A nan ne karatun da kuke koyo zai yi muku rana. In kun ga hoton fuskar jariri da lamba 0-3 an ja musu jan layi, ana nufin ba na ƙaramin yaro ba ne. In kwalin ba shi da sunan kamfani ko shekarun yaron da ya dace da shi, ku yi hattara. Araha ba ta ado.

Wata uwa za ta ce, "Malama, to me za mu saya?" Babbar ƙwallo, 'yar tsana ta ƙyalle mai idon zare, littafi mai hotuna, ko allo. Motar kara da yayyensu ke yi ma ta wadatar, in an kauce wa langa-langa mai kaifi da tsatsa. A kuma raba kayan yaya da na ƙani, domin yawanci daga hannun babba ƙarami ke ɗauka.

In yaro ya shaƙe har ya kasa tari ko kuka, a kifa shi a cinya, kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5, wani kuma ya ruga neman abin hawa. Kada a zura yatsa ana lalube, don ana iya ƙara tura abin ciki.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Wanda ya ji, ya gaya wa maƙwabcinsa. Allah ya raya mana zuriya, ya sa mu yi bukukuwa lafiya.