Injin da Ya Yi Shiru Ba Shi Ne Mai Lafiya Ba

Yau ba maganar siyasa za mu yi ba, gareji za mu shiga. Kada ka ce ba ruwanka don ba ka da mota. A nan Sanyinna, albasarmu da shinkafarmu a bayan a-kori-kura suke fita zuwa Tambuwal da Jega, kuma in dare ya yi wa mara lafiya a ƙauye, sau da yawa ita ce motar asibitinsa.

Kawuna yana da tsohuwar Mitsubishi L200 mai shan gas. Bara injin ya fara wani ƙas-ƙas daga sama. Ya kai gareji, yaron ya buɗe murfin kan inji, ya yi ta matse tafet da kunne har ƙarar ta ɗauke. Kawu ya ji daɗi, har da ƙarin kuɗin goro. Da hunturu ya shigo, mota ta daina tashi da safe sai an tura. Daga nan farin hayaƙi. Ranar da ta ƙi gaba ɗaya, a hanyar Kebbe ne, da lodin albasar mutane a baya. Aka sauke tof silinda, aka tarar bawul biyu na fitar hayaƙi sun ƙone. Kwana tara mota tana kwance, ga kuɗin gyara, ga masu kaya suna sallama a ƙofar gida.

To me ya faru? Kowane silinda a wannan injin yana da bawul biyu: ɗaya na shigar iska, ɗaya na fitar hayaƙi. Tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi akwai ɗan gibi, bai kai kaurin farce ba. Ba kuskure ba ne, da gangan aka bar shi, domin ƙarfe in ya ɗau zafi yana miƙewa. In ka rufe gibin, bawul ba zai zauna daram ba. Shi kuwa injin gas ba da tartsatsi yake kama wuta ba, matsewar iska ce ke kunna man. Iska ta samu hanyar zurarewa, sai tashi ya yi wuya. Sannan bawul ɗin hayaƙi ta wurin zaman nan yake sauke zafinsa. In bai zauna ba, wuta ta cinye bakinsa. In kuma gibin ya yi yawa, ga ƙara, ga rashin ƙarfi, ga shan mai.

Ka ga ke nan kunne ba ma'auni ba ne. Ma'aunin shi ne fila geji, wasu siraran ƙarafa kamar reza, kowanne da lambar kaurinsa. Kuma kowane inji da nasa awo. Tsohon 4D56 na L200 milimita 0.25 ne, inji na da zafi. Isuzu 4JB1 milimita 0.40 ne, amma sai ya huce. Hilux mai 3L ko 5L, na shiga 0.20 zuwa 0.30, na fita 0.40 zuwa 0.50, a sanyi. Shi ma ba noti ake juyawa ba, wani ɗan faifan ƙarfe ake canzawa da mai kaurin da ya dace.

A mai noti, aikin haka yake: ka juya inji da hannu har fistin na ɗaya ya hau ƙololuwa, bawulolinsa duka a rufe. Ka saita biyun na ɗaya, da na shigar silinda na biyu, da na fitar na uku. Ka ƙara juya inji zagaye guda, ka yi sauran huɗun. Kowanne ka sassauta noti da sufana, ka zura geji, ka juya da sukundireba har ka ji gejin yana ja kaɗan. Ka riƙe, ka ɗaure, ka sake aunawa, don ɗaurin kan motsa shi.

Ban ɗora wa yaron nan laifi ba. Abin da ya gani wurin ogansa ya yi, kuma littafin injin da Turanci yake. Laifin da nake gani namu ne da muka yi jami'a muna zaune da waya a hannu. Ranar da na nemo littafin 4D56 na kai gareji, kawu dariya ya yi: "Kai ɗan boko, mi ka sani ga mota?" Na ce, "Kawu, ban iya sufana ba, amma na iya karatu." Ni na karanta, yaron ya ɗaure. Yanzu geji a aljihunsa yake kwana.

Don haka direba, kafin a taɓa maka tafet, tambaya biyu: ina geji, kuma nawa ne awon injina? Ɗan makaranta, leƙa garejin unguwarku ka karanta musu shafi ɗaya. Allah Ya tsare mana hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.